Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Tsokaci a Kan Zaɓen Mazubin Abincin Rana a Garin Suleja

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, "Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke." Saboda haka ne za ka ga Bahaushe ya tsaya ya tantance abin da zai sa a bakinsa. Yakan duba shinkafa ko da tsakuwa, ya shinshina manja, ya tambayi mahauci ko yankan yau ne. Sai dai ba kasafai yakan tsaya ya tambayi abin da za a zuba abincin a ciki ba. Da zarar mazubi na da murfi, kuma launinsa ya yi wa ido kyau, to magana ta ƙare. Alhali kuwa abincin da aka dafa da asuba, ba a ci shi ba sai bayan azahar, ya fi daɗewa a cikin mazubinsa fiye da yadda ya daɗe a cikin tukunya.

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan ire-iren abubuwan da ake ƙera mazuban abincin rana da su, wato roba da silba da ƙarfen da ba ya tsatsa da samira da tangaran da gilashi. Za a bayyana halin kowanne, da irin abincin da ya dace da shi, da wanda bai dace ba. An ɗauki garin Suleja na Jihar Neja a matsayin fagen misali, saboda dalilai biyu: yawan mutanensa da ke wuni a waje, da kuma tarihin garin a fannin ginin tukwane. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, babu wani mazubi guda da ya dace da kowane abinci. Abincin da za a zuba, da sa'o'in da zai yi a rufe, da mutumin da zai ɗauka, su ne ya kamata su zaɓi mazubi.

2.0 Suleja da Guzurin Rana

Asalin sunan garin Suleja shi ne Abuja, sunan da ya samo daga Sarki Abu Ja, ɗaya daga cikin sarakunan Haɓe na Zazzau da suka yi kudu bayan jihadi, wanda ya kafa garin a 1828. Da aka zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a watan Disambar 1991, tsadar haya ta sa ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa da masu aikin gini suka zauna a Suleja da Madalla, suna sammako zuwa birnin, suna dawowa da dare.

Idan muka yi la'akari da wannan rayuwa, za mu ga inda batun mazubi ya shigo. Ma'aikacin da ke son kauce wa cunkoson hanyar Madalla da Zuba yakan bar gida ne bayan sallar asuba. Ke nan uwargida ta sauke girki da misalin ƙarfe biyar. Shi kuwa ba zai buɗe abincin ba sai wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na rana. Tsakanin nan akwai sa'a takwas zuwa tara, a cikin mota mai zafi da jakar da ake dannawa a tsakanin ƙafafu. Haka ma yaran firamare da na Islamiyya, da masu shaguna a Kasuwar IBB, da masu kai wa majinyata abinci asibiti. Duk waɗannan suna dogara ne da mazubi, kuma kuskure a zaɓensa kan jawo ɗaya daga cikin abubuwa uku: asarar abinci, ko asarar kuɗi, ko taɓuwar lafiya.

3.0 Ma'anar Mazubi da Hikimar Magabata

Kalmar mazubi ta samo asali ne daga aikatau "zuba", an yi mata ɗafa-goshin "ma-" mai nuna wuri ko kayan aiki, kamar yadda aka sami maburgi da madubi. Mazubi shi ne duk wani abu da ake zuba wani abu a ciki domin ajiya ko ɗauka. A wannan maƙala ana nufin wanda ake zuba dafaffen abinci a rufe, a tafi da shi wurin aiki ko makaranta.

Ɗaukar abincin rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, yara kan kai wa iyayensu abinci gona, matafiyi kuma yana da guzurinsa. Abin lura shi ne magabata ba su haɗa wa abinci mazubi ɗaya ba. Fura da nono na ƙwarya ne, tuwon maigida na akushi ne, miya na kasko, ruwa kuma na gora ko tulu, sannan a kawo faifai a rufe. Sun san cewa akushi na riƙe ɗumin tuwo domin itace ba ya saurin sakin zafi, sun kuma san ƙwarya ba ta sauya ɗanɗanon nono. Har karin magana suka yi cewa, "Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe." Kayan sun sauya a yau, amma wannan ƙa'ida ta dacewa tana nan daram.

4.0 Abubuwan da Ke Shiga Tsakanin Abinci da Mazubi

Kafin a shiga bayanin kayayyakin ɗaya bayan ɗaya, yana da kyau mai karatu ya riƙe abubuwa huɗu, domin su ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Na farko shi ne zafi. Zafi yana sassauta jikin roba, ya sa sinadaran da aka cuɗa wajen ƙera ta su sami hanyar fita zuwa cikin abinci. Na biyu shi ne tsami. Tumatir da yakuwa da tsamiya da zoɓo da lemon tsami duk suna cin wasu ƙarafa. Kanwa da gishiri ma suna yin irin wannan ɓarna, ko da yake su ba tsami gare su ba. Na uku shi ne maiƙo. Yawancin sinadaran roba sun fi narkewa a cikin mai fiye da cikin ruwa, don haka miyar da ta sha manja ko man gyaɗa ta fi farar shinkafa jan su. Na huɗu shi ne lokaci. Abin da ba zai yi tasiri a cikin minti goma ba, yana iya yi a cikin sa'a takwas, kullum, shekara da shekaru.

Idan muka dubi abincinmu na yau da kullum, kamar shinkafa da miyar tumatir, ko tuwo da miyar taushe, ko dafa-duka, za mu ga ya haɗa duk huɗun nan a lokaci guda. Wannan ne ya sa shawarar da ta dace da mai ɗaukar burodi da 'ya'yan itace a ƙasar sanyi ba lallai ta dace da mu ba.

5.0 Ire-iren Mazubai da Halayensu

5.1 Roba

Roba ta fi kowane mazubi yawa a kasuwa saboda araha da rashin nauyi, ga shi ba ta fashewa idan ta faɗi. To amma roba suna ta tara. Idan aka kife mazubin aka duba gindinsa, sau da yawa za a ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. Masana'antun roba na Amurka ne suka fito da wannan tsari a 1988 domin a riƙa gane nau'in robar.

Lamba 5, wadda akan rubuta PP a ƙarƙashinta, ita ta fi dacewa da abinci mai ɗumi, domin ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos. Lamba 2 da lamba 4 suna da kyau ga abinci mai sanyi ko busasshe. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da ta lemon kwalba. Tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba take lanƙwashewa, don haka kuskure ne a ɗura mata kunu ko shayi mai zafi kamar yadda wasu masu talla ke yi. Lamba 3 da lamba 6 a nisanta su da abinci mai zafi. Lamba 7 kuwa tarkace ce, ta haɗa duk sauran nau'o'in, ciki har da wata roba mai tauri da haske kamar gilashi wadda ake yi da sinadarin BPA. Masana sun gano wannan sinadari yana kwaikwayon wasu sinadaran da jikin ɗan'adam ke samarwa domin tafiyar da girma da haihuwa. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a bulumbotin jarirai a 2011, sannan a ƙarshen 2024 ta zartar da dokar hana shi a kayan da ke taɓa abinci.

Bayan lamba, a nemi alamar kofi da cokali mai yatsu, wadda ke nuna an yi robar ne domin abinci. Duk robar da ta kakkarce a ciki, ko ta yi kaushi, ko ta riƙe wari da jan manja duk wankin da aka yi mata, to ta gama aiki. Haka kuma bokitin fenti ko robar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji ba ta zama mazubin abinci, ko sau nawa aka wanke ta.

5.2 Farar Robar Tekawe da Leda

Farar robar nan mai kama da soso da masu sayar da abinci ke zuba wa mutane, wadda ake kira tekawe, tana cikin lamba 6. An yi ta ne domin amfani sau ɗaya. Mai mai zafi yana cin ta, shi ya sa akan ga gurbi a gindinta idan an zuba soyayyen abu daga wuta. Sinadarin sitayirin da ake yin ta da shi, hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a 2018 cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Gwamnatin Jihar Legas ta haramta wannan roba a watan Janairun 2024, musamman saboda yadda take toshe magudanun ruwa. Wanda ya ga kwatocin garuruwanmu da damina ya san matsalar ba ta Legas kaɗai ba ce.

Game da ɗaure tuwo mai zafi a leda kuwa, abin da ya fi shi ne a kwashe tuwon kai tsaye cikin kwanon ƙarfe. Idan ya zama dole, a bari tururin ya lafa, kuma a guji baƙar leda, domin yawanci daga tsofaffin robobi da aka narkar ake yin ta, ba domin abinci ba.

5.3 Melamin

Akwai wasu kwanoni masu sheƙi da zane, kamar tangaran a ido amma ba su da nauyi kuma ba sa saurin fashewa. Waɗannan melamin ne, wato wata roba mai tauri. Suna da kyau ga abinci mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Amma ba a sa su a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, wato maikirowef, ba a kuma barin miya mai tsami da zafi ta daɗe a ciki, domin zafi da tsami suna sa su saki sinadaran da aka haɗa su da su. Da zarar sheƙin cikin ya dushe, a sauya musu aiki.

5.4 Silba

Abin da mata ke kira silba yawanci alminiyom ne. Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, kuma ya fi ƙarfe araha. Rauninsa shi ne tsami da kanwa da gishiri suna cin sa. Duk wadda ta taɓa barin zoɓo ko miyar yakuwa ta kwana a silba ta ga yadda cikinsa ke sauya launi, wani lokaci har da 'yan ƙananan ramuka, abincin kuma ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Bugu da ƙari, silba yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin sakinsa, ke nan ba ya riƙe ɗumi. Ya dace da busasshen abinci kamar dambu da ƙosai da soyayyar doya da burodi.

A nan akwai buƙatar a rarrabe abubuwa biyu da Hausa ta haɗa wa suna ɗaya. Mukan ce "tukunyar dalma" muna nufin tukunyar alminiyom ta zubi, mukan kuma ce "gubar dalma" muna nufin wani ƙarfe dabam mai nauyi, irin na cikin batirin mota. Matsalar ita ce, idan maƙeri ya narka tarkacen injuna da sassan motoci domin zubi, ƙarfen mai guba kan iya shiga cikin kayan. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan tukwanen zubi na ƙasar Kamaru ya nuna suna sakin dalma idan aka dafa abu mai tsami a ciki. Mutanen Arewa sun san illar wannan guba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Haƙar zinari ce ta jawo waɗannan, ba kwanon abinci ba, amma sun isa su nuna cewa dalma ba abin wasa ba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka mazubin yaro kada ya zama na zubin da ba a san asalin ƙarfensa ba.

5.5 Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa

Wannan shi 'yan kasuwa ke kira sitenles. Wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya shahara da gano shi a garin Shefil na Ingila a 1913. Sirrinsa shi ne sinadarin kuromiyom da ake haɗawa da ƙarfe, wanda ke yin wata siririyar fata da ido ba ya gani, ta hana tsatsa kamawa. Idan aka ga an rubuta 18/8 ko 304 a gindin kwano, ana nufin akwai kashi 18 cikin ɗari na kuromiyom da kashi 8 na nikel. Wannan nau'i ne aka fi amincewa da shi a kayan abinci.

Ga irin abincinmu mai zafi da tsami da maiƙo, wannan ƙarfe ya fi sauran dacewa. Ba ya riƙe wari, manja ba ya rina shi, yana jure faɗuwa, yana kuma shekaru. A birnin Mumbai na Indiya, inda sana'ar kai wa ma'aikata abincin gida ta faro tun wajen 1890, kwanonin ƙarfe masu hawa-hawa ake amfani da su, shinkafa dabam, miya dabam. Illarsa ita ce tsada, da cewa ba a sa shi a maikirowef, sannan mai bango ɗaya ba ya riƙe zafi. Har ila yau akwai nau'i mai araha, mai lamba 201, wanda aka rage masa nikel, shi kan yi ɗigon tsatsa idan gishiri ya daɗe a kansa. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi a kasuwa ba ya raba gardama, domin da 304 da 201 duk maganaɗisu ba ya kama su sosai.

5.6 Samira da Langa

Kwanonin samira da langa da suka ƙawata jeren ɗakin amare tun tsakiyar ƙarni na 20, ƙarfe ne da aka lulluɓe da narkakken gilashi. Muddin wannan lulluɓi na nan lafiya, tsami ba ya yi masa komai, kuma yana da sauƙin wanki. Amma da ya faɗi ya ɓantare, sai baƙin ƙarfen ciki ya bayyana, tsatsa ta kama, ɓarɓashin kuma ya riƙa zuba cikin abinci. Wasu tsofaffin launuka masu ƙyalli, musamman ja da ruwan ɗorawa, akan haɗa su da dalma ko kadmiyom, don haka wanda cikinsa fari ne tas ya fi. Wata matsalar ita ce murfinsa ɗorawa kawai ake yi, ba ya kamawa. Ya dace da kai abinci maƙwabta ko shago na kusa, a ɗaure da ƙyalle. Bai dace da jakar da za ta shiga motar haya ba.

5.7 Tangaran da Gilashi

A wannan fanni Suleja na da abin faɗa. A farkon shekarun 1950 wani maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata Bagwariya mai suna Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954 a matsayin mace ta farko. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne ke bayan takardar Naira 20 tun 2007.

Darasin da aikin wannan cibiya ke koyarwa game da mazubi shi ne bambancin gashi. Tukunyar gargajiya da ake gasawa a fili tana da ƙananan ƙofofi a jikinta. Wannan ne ke sa randa ta yi naso ta sanyaya ruwa, amma shi ne kuma ke sa ta tsotse mai da miya. Tangaran na cibiyar kuwa a rufaffen murhu ake gasa shi, da zafin da ya haura digiri 1,200, har yumɓun ya haɗe ya zama kamar dutse. Irin wannan ba ya shan ruwa, tsami ba ya cin sa. Inda ake jin tsoro shi ne tangaran mai araha da aka gasa da ƙaramin zafi, domin akan sa dalma a ruwan sheƙinsa don ya yi saurin narkewa. A guji mai zane mai launi a ciki wanda ake jin tudunsa da yatsa, da wanda ya tsattsage.

Gilashi ma haka yake, ba ya ba abinci komai, ba ya karɓar komai daga gare shi, kuma yana shiga maikirowef idan an cire murfin. Aibin su biyun ɗaya ne: nauyi da fashewa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sun dace da mai motar kansa ko mai teburi a ofis, ba su dace da yaro ba.

6.0 Kula da Matsalar Sa'o'i

Ko da mazubi ya fi kowanne inganci, akwai haɗarin da ya fi na sinadarai saurin bayyana, wato ƙwayoyin cuta. Suna yaɗuwa ne idan zafin abinci yana tsakanin digiri 5 da digiri 60. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye haka nan. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasu ƙwayoyin kan ninka kansu duk bayan minti 20. Da wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tana iya haura miliyan 2 a cikin sa'a 7. Shinkafa na da tata ƙwayar, mai suna Bacillus cereus, wadda ke tsira daga dahuwa, kuma gubar da take saki ba ta mutuwa ko an sake ɗumama abincin. Amai da gudawar da akan ɗora wa sanyi ko maiƙo, wani lokaci daga nan suke. A zafin watan Maris da Afrilu abin ya fi muni.

Maganin wannan ga mai dogon wuni shi ne kula, wato mazubi mai bango biyu. Kuloli iri biyu ne. Akwai mai soso a tsakanin bangayen, wadda ke riƙe zafi na 'yan sa'o'i. Akwai kuma wadda aka zuƙe iskar tsakanin bangayenta, irin fasahar fulas ɗin shayi da masanin kimiyya James Dewar ya ƙirƙira a 1892. Ita ta fi daɗewa da zafi, domin zafi ba ya samun abin da zai bi ya fita. Kowace aka zaɓa, a tabbata cikinta ƙarfen da ba ya tsatsa ne. A zuba mata tafasasshen ruwa na minti biyar zuwa goma kafin a sa abinci, a zuba abincin da zafinsa, a cika ta sosai, kada a riƙa buɗewa. Kula babba da abinci kaɗan ba ta riƙe zafi. Idan aka zuba ruwan zafi a mai zuƙaƙƙiyar iska aka ji bayanta ya ɗau zafi, to ta lalace. Fura da nono kuwa sanyi suke so: a sa musu ƙanƙara, in ba haka ba su yi tsami su kumbura murfi.

7.0 Wane Ne Ya Dace da Wanne?

Ɗan firamare da ke cin abincinsa a hutun safe, ƙaramin kwanon ƙarfe mai maƙalli ko roba mai lamba 5 ta ishe shi, a bar abincin ya ɗan huce kafin a zuba a robar, kuma a tabbata yana iya buɗewa da kansa. Ma'aikacin da ke zuwa Abuja, idan ofishinsu na da firji da maikirowef, gilashi ya dace da shi, ko ya ɗauka a ƙarfe ya juye a faranti. Idan babu, sai kula mai zuƙaƙƙiyar iska. Mai aikin gini da ɗan acaɓa da direba, waɗanda kayansu ke shan rana da jijjiga, kula mai cikin ƙarfe ce tasu, ko kuma su zaɓi busasshen abinci. Mai kai abinci asibiti ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan, domin jikin majinyaci ba ya jure abin da mai lafiya ke jurewa: kula mai tsabta, abinci sabon saukewa, ragowa kuma kada ta kwana. A kowane hali, a raba tuwo ko shinkafa da miya.

Wajen saye, a kife mazubi a karanta gindinsa, a shinshina cikinsa, a gwada murfin. Roba mai warin kalanzir ko taya a ajiye ta. Alamar NIS ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, ƙarin tabbaci ce ga kayan gida. Wajen wanki kuma, a riƙa cire zoben robar da ke cikin murfi, domin a nan datti da fumfuna ke ɓuya. Kada a goge roba ko samira da soson ƙarfe, a kuma bar mazubi ya bushe a buɗe.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa zafi da tsami da maiƙo da lokaci su ne ke bayyana ingancin mazubi. An ga cewa ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi dacewa da yawancin abincin Hausawa, gilashi da tangaran mai kyau suna biye idan babu fargabar fashewa, roba mai lamba 5 tana da gurbinta, silba da samira kuwa kowanne da iyakarsa. Gaskiya ne mazubi mai kyau yana da tsada, kuma halin rayuwa ya sa kowa na lissafi. To amma araha ba ta ado. Robar da za a sauya sau da yawa a shekara, idan aka tara kuɗinta, aka haɗa da na abincin da ya lalace da na magani, za a ga ta fi kwanon ƙarfe ɗaya tsada. Kira ga iyaye mata da ma'aikata da 'yan'uwa ɗalibai shi ne, kafin a tambayi mai shago "nawa ne?", a fara tambayar kai: me zan zuba, sa'a nawa zai yi, wa zai ɗauka? Rigakafi dai ya fi magani. A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, amin.